Tanadin Abincin Shekara A Gida: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

An shirya wannan 'yar takarda domin Hakimai da malaman da ke riƙe da littattafan ofisoshinsu. Abin da ta ƙunsa abu ɗaya ne, watau yadda ko wane magidanci zai tanadi abincin da zai ishi iyalinsa daga kaka zuwa kaka, har da ɗan rara, ba tare da ya miƙa hannu ga kowa ba. Ana roƙon Hakimai su sa a karanta ta a gaban Dagatai da masu unguwanni, su kuma su isar da ita ga talakawa.

Gudummawar Gwamnati, kome hanzarinta, ba ta isa ƙauye sai bayan wahala ta riga ta shiga. Abin da ke tsare gida a watannin farko na ƙunci shi ne hatsin da ke cikin rumbunsa. Mutanen da sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin Da Ya Faru A Baya

Ƙasarmu ta sha ganin yunwa, har tsofaffi suka laƙaba wa ko wace suna. A 1913 ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai, aka shiga 1914 da yunwar nan da a ke kira Kakalaba, wadda ta hallaka jama'a masu yawa a ƙasar Kano da maƙwabtanta har cikin ƙasar Nijar. An yi wata a 1927, aka kuma yi wata a 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu. Daga 1972 zuwa 1974 fari ya game ƙasashen bakin Hamada, dabbobi suka mutu ba adadi, ya sake komowa a 1983 da 1984.

Ba fari kaɗai ke tsiyata manomi ba. A 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta faɗa wa gyaɗa a Arewacin Nijeriya, ta lalata amfanin shekarar. Wanda ya ba gyaɗa yawancin gonarsa, da nufin ya sayi dawa da kuɗinta, ya tashi ba gyaɗa ba dawa. A 2012 da 2022 kuwa ruwa ne ya yi yawa, ambaliya ta cinye gonaki da rumbuna a jihohi da dama. A Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri.

In an duba waɗannan shekaru za a ga ba a taɓa yin dogon zamani babu mugunyar shekara ba. Saboda haka mai hankali ya kan ɗauka tana tafe, ko da ya ke bai san ranar zuwanta ba.

Lissafin Abincin Gida

Tushen tanadi lissafi. Magidanta da yawa su kan dubi rumbu da ido su ce ya isa, sai ruwa ya zauna, ana tsakiyar noma, su tarad da ƙasan rumbu. A nan ne malamin Hakimi zai yi babban taimako, gama lissafin ba shi da wuya.

A tambayi uwargida tiya nawa a ke aunawa ko wace rana, tuwo da fura da koko duka. Misali, a ce tiya 2 ne. Kwana 365 sau 2 ya zama tiya 730. In buhu tiya 40 ya ke ci, kamar yadda a ke aunawa a yawancin kasuwanninmu, to, wannan gida yana bukatar buhu 18 da tiya 10. A ƙara abincin wata 2, watau buhu 3, domin shekarar da damina ta makara ko baƙi suka yi yawa. Ya zama buhu 21 da ɗoriya. Iri kuwa daban a ke ware shi, haka kuma zakka, wadda a kan fitar tun ranar girbi ga wanda amfaninsa ya kai nisabi: kashi ɗaya cikin 10 ga gonar damina, kashi ɗaya cikin 20 ga wadda aka shayar da wahala.

Wanda ke ajiye hatsinsa a dami, sai ya sussuke dami ɗaya matsakaici, ya auna tiya nawa ya ba shi, ya yi lissafi a kan wannan. Girman dami ya bambanta daga gari zuwa gari, don haka kada a ari lissafin wani wuri.

Abin da ya rage bayan wannan lissafi, shi ne na sayarwa. Wanda lissafinsa ya nuna gibi kuwa, ya sani tun da kaka, sa'ad da hatsi ke da araha, ya cike gibin da kuɗin wake ko gyaɗa ko riɗi, ko da abin da zai samo wajen cin rani.

Illar Sayad Da Hatsi Da Kaka

Ko wane Hakimi ya san yadda kasuwa ta ke. Da kaka kowa ya kawo, hatsi ya faɗi. Da damina ta yi tsaka, rumbuna sun yi ƙasa, ya hau. Magidancin da ya sayad da dawarsa da kaka domin biki ko sabon aure, shi ne zai komo a watan Yuli ko Agusta ya sayi irin wannan dawa da tsada. In ba shi da kuɗi sai ya ci bashin dami ɗaya a biya biyu, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani. Gonar da aka bar wa ciyawa a wannan lokaci ba ta yin kirki, sai kaka ta zo da ƙaramin amfani, bashi kuma na jira. Ta haka gida ke zurmawa shekara bisa shekara, har a kai ga jinginad da gona.

Yau Hakimi ba shi da ikon hana mutum sayad da abin da ya noma. Tun da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 aka rushe En'e, aikin mulki ya koma hannun majalisun ƙananan hukumomi. Amma girman Hakimi a idon jama'a yana nan, maganarsa kuma tana da nauyi. In ya tara Dagatai da limamai kafin girbi aka yi shawara a kan taƙaita hidimar biki, shi kuma ya fara daga gidansa, jama'a za su bi.

Bushewa Kafin Ajiya

Hatsin da aka ajiye da laima ba ya daɗewa. Ya kan yi zafi a cikin rumbu, ƙwari su hayayyafa, fumfuna ta kama shi. Wata irin fumfuna da ke kama gyaɗa da masara tana fid da dafi wanda ba a gani, dahuwa kuma ba ta kashe shi. An gano shi bayan 1960, shekarad da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin abincin da aka haɗa da ƙulin gyaɗa mai fumfuna. Likitoci sun tabbatar wannan dafi yana jawo sankarar hanta ga mutum. Saboda haka gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, kada a ci, kada a kai kasuwa, kada kuma a ba kaji ko shanun tatsa.

Ga yadda za a gane hatsi ya bushe. Na farko, a ciza ƙwaya. In ta fashe ƙaras da ƙarfi ta bushe, in ta lotsa da sauranta. Na biyu, a sami kwalba busasshiya, a zuba hatsi kamar sulusinta, a ƙara gishiri busasshe cokali 2, a rufe, a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin yana da laima, a mai da shi rana. In bai manne ba, ya isa ajiya. A riƙa shanya a kan tabarma ko tamfol ko daɓe, ba a tsurar ƙasa ko bakin titi ba.

Gyaran Rumbu

Gero da dawa sun fi daɗewa in an bar su a zangarniyarsu ba a sussuke ba. Kakanninmu sun san wannan, malamai kuma sun san ita ce shawarar da ke cikin ƙissar Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, game da shekarun yalwa da na fari a Masar. Rumbun laka mai kyau ya kan riƙe gero a zangarniya shekara da shekaru. Amma sai an kiyaye waɗannan abubuwa:

1. A gina rumbu a kan tudu, a ɗora shi bisa duwatsu, ƙasansa ya rabu da ƙasa yadda iska za ta ratsa, kyanwa kuma ta iya shiga. A garuruwan bakin kogi da na fadama a duba inda ruwa ya tsaya a ambaliyar da ta wuce, a gina sama da nan.

2. Kafin a zuba sabon hatsi a kwashe tsohon duka, a share rumbun, a ƙone sharar, a liƙe ko wace tsaga da laka. Ƙwarin bara a cikin tsaga su ke ɓuya. Kada a zuba sabo a kan tsoho. A ci tsohon tukuna.

3. A sake jinka kafin ruwan fari. Ɗigo ɗaya ya isa ya ruɓad da abin da aka yi wata huɗu ana wahalarsa.

4. A nisanta rumbu da madafa, a nome ciyawar da ke kewaye da shi kafin hunturu, gama lokacin ne gobara ta fi yawa. A riƙa duba duwatsun ƙasa saboda gara.

5. Kada a tara abincin gida duka wuri ɗaya. Gobara, ko ruwa, ko ɓarayi, in sun sami ɗaya su bar ɗaya. A wuraren da 'yan fashin daji ke ƙona rumbuna, wanda ke da ɗan'uwa amintacce a gari mai tsaro ya kai wani kashi can.

Gida mai hali ya kamata ya yi rumbun tsimi, watau rumbun da ba a buɗewa sai sabon amfani ya nuna, an tabbata shekara ta yi kyau. Sa'an nan a ci na ciki a zuba sabo.

Ɓera ba ɓarnar hatsi kaɗai ya ke yi ba. Wani irin ɓera ne ke ɗauke da zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lasa cikin ƙasar Barno, ta fitsarinsa da kashinsa kuma cutar ke shiga abinci. A rufe gari da sauran abinci cikin mazubi mai murfi, a nisanta juji da gida.

Wake Da Hatsin Da Aka Sussuke

Wake ya fi kowane amfani saurin ɓaci, domin ƙwaronsa tun daga gona ya ke biyo shi. Dabarar da ita ce a cuɗa shi da toka mai yawa ko yashi mai laushi a cikin tukunya, a liƙe baki. Tana aiki har yanzu ga ɗan kaɗan, musamman iri.

Ga mai yawa kuwa akwai buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙago tare da masanan aikin gona na Kamaru, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Leda 2 ce masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Hikimarsa ita ce hana iska shiga. Ƙwarin da ke ciki su kan shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu, ba a sa magani ko kaɗan ba. Sharaɗinsa: a duba ledojin kada a sami huda, a zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure ko wace leda ita kaɗai, a ɗora buhun a kan katako nesa da bango da ɓera, kada kuma a riƙa buɗewa. Yana yi wa masara da dawa da gero aiki kamar yadda ya ke yi wa wake. Duro ko jarka mai tsabta, wadda ba a taɓa zuba mai ko guba a ciki ba, in an cika ta fal aka rufe gam, ita ma haka ta ke aiki.

A nan akwai gargaɗin da a ke so Hakimai su yi da babbar murya. Wasu su kan yayyafa wa wake maganin ƙwari na feshi wanda ba don abinci aka yi shi ba. Wannan guba ce ga mai ci. Saboda samun irin wannan magani a cikinsa ne Tarayyar Turai ta hana shigad da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta a 2015. Ƙwayar nan kuma da a ke jefawa cikin buhu tana fid da iska mai kisa. Ba a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana ko kusa da shi. Wanda ke shakka ya tambayi malamin gona.

Iri

A zaɓi iri tun a gona, daga zangarniyoyi masu ƙoshi marasa cuta, a ajiye shi daban da na ci. A ware wanda zai isa shuka biyu, gama sau da yawa ruwan fari ya kan yaudari mutane, a yi shuka ta ƙone. Kafin damina a ƙirga ƙwaya 100 a shuka cikin jiƙaƙƙen yashi, bayan mako ɗaya a ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun kasa 80, a ƙara yawan abin da a ke zubawa a rami, ko a nemi wani. A wuraren da damina ke gajarta yana da kyau a haɗa da iri mai saurin nuna. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fid da irin dawa da masara da wake da gyaɗa masu yawa, malamin gona kuma ya san wanda ya dace da ko wace ƙasa.

Abubuwan Da Ke Tallafa Wa Rumbu

Rumbu ya fi daɗewa in ba shi kaɗai a ke dogara gare shi ba. Gidan da ya shanya kuɓewa da kauɗa da barkono da kaka, ya tanadi kuka da daddawa, ba ya ɗiban dawa ya sayar don kuɗin cefane. Zogale 'yan ƙalilan a bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, sun isa miya da kwaɗo. Rogo ya kan zauna cikin ƙasa har a bukace shi, in an killace shi daga dabbobi. Wanda ke kusa da fadama ya yi lambu da rani.

Akuya da tunkiya da kaji su ne asusun gida. In rashin lafiya ko wata lalura ta taso, su a ke kamawa a sayar, rumbu ya tsira. To, amma dabba sai da abinci. A ɗaure harawar wake da ta gyaɗa tun tana ɗanya shar, a ɗora a kan soro ko rumfa, a tara kara da dusa. A yi wa dabbobi allurar rigakafi kafin cuta ta shigo, musamman kaji kafin hunturu. Ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Bom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin irin waɗannan magunguna, malamin dabbobi ne zai nuna hanyar samunsu. Takinsu kuma a kai gona.

Itatuwan gona su ma dukiya ne. Gawo ya kan zubad da ganyensa da damina, bai tare wa shuka rana ba, ƙarƙashinsa kuma ya fi ko'ina yabanya, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani. A ƙasar Maraɗi, tun daga wajen 1983, manoma suka ɗauki al'adar barin tohon kututture lokacin sassabe, su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su datse sauran. Ta wannan hanya itatuwa suka komo gonaki masu ɗimbin yawa a Maraɗi da Damagaram, ba tare da an dasa ba. Ba ta cin ko kwabo, ko wane manomi kuma zai iya.

Ruwan sha a rufe shi cikin randa mai murfi, da moɗa ɗaya mai tsabta. Bayan ambaliya a tafasa shi, domin lokacin ne amai da gudawa ke ɓarkewa. Ko wace uwargida ta san haɗin nan: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba mai gudawa yana kurɓa, a kuma hanzarta kai shi asibiti.

Aikin Malamin Hakimi

Ana so malami ya buɗe littafi ɗaya domin wannan al'amari, ko wane Dagaci da shafinsa. A ciki zai rubuta ranar ruwan shuka, da kwanakin da ruwa ya ɗauke, da ɓarnar fara ko tsuntsu ko tsutsa ko ambaliya, da yadda kaka ta kasance. Ko wace ranar kasuwa kuma ya rubuta kuɗin tiyar gero da dawa da masara da wake, da kuɗin akuya matsakaiciya. In an yi haka shekara 2 ko 3, littafin da kansa zai riƙa nuna shekarad da ta saɓa wa 'yan'uwanta.

Alamun da ke nuna wahala na tafe su ne waɗannan: hatsi ya ƙi sauka da kaka, mutane su shiga sayad da dabbobi mata masu haihuwa, kuɗin dabba ya faɗi na hatsi ya hau, samari su tafi cin rani tun ba a gama girbi ba, gidaje su koma ci sau ɗaya, mata su dogara ga tafasa da sauran ganyayen daji, a fara cin iri ko jinginad da gonaki. In malami ya ga biyu ko uku daga cikinsu sun haɗu, ya sanad da Hakimi nan da nan. Hakimi kuma ya rubuta wa Majalisar Sarki da Shugaban ƙaramar hukuma, domin labari ya kai ga hukumar agajin gaggawa ta jiha da ta ƙasa, wadda aka kafa a 1999. A rubuta gaskiya tsantsa, da sunayen ƙauyuka da adadin gidaje. Rahoton da aka kambama ya kan sa a ƙi yarda da na gaba, wanda aka ɓoye don gudun kunya kuwa talakawa ne ke biyan kuɗinsa.

Lokutan Aiki

Da bazara: gyaran jinka, gwajin iri, kai taki gona. Da damina: duba rumbu saboda ɗigo da gara, da lura da gidajen da abincinsu ya yanke, musamman na gwauraye da marayu da tsofaffi. Kafin girbi: share rumbu da taron Dagatai. Da kaka: shanya, lissafi, zakka, ware iri, ɗaure harawa. Da hunturu: tsaron gobara, rigakafin kaji, aikin lambu.

In Hakimi ya fita rangadi, yana da kyau ya tambayi Dagaci gidaje nawa ne abincinsu zai kai su sabuwar kaka, nawa ne ba zai kai ba, kuma me aka shirya dominsu. Dagacin da ya san za a yi masa wannan tambaya zai bincika tun da wuri, masu unguwanni su ma su bincika, har maganar ta isa zauren ko wane magidanci.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu daga fari da ambaliya, ya zaunad da ƙasarmu lafiya, amin.